Langar da Ka Mayar Ba a Buɗe Ba

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji, makwanci ya yi sanyi, kabari ya yalwata. Idan ka tambayi lafiyarmu, muna nan lafiya, sai kewa. Damagaram tana nan yadda ka bar ta. Duwatsunta ba su gusa ba, ruwan famfo kuma har yanzu sai ya ga dama yake zuwa.

Na san ba ka son a baza zancen gida a waje. Ka yi haƙuri, wannan karon a waje zan baza shi. Jikarka ta buɗe mini shafi a waya, kuma can zan sa takardar nan kowa ya karanta. Abin da zan faɗa ya daɗe yana yawo a gari a karkace, gara a ji shi a miƙe daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Magana biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta farko, jiya ma'aikatarku ta karrama waɗanda suka daɗe a aikin sayen kayan gwamnati, kuma sunanka aka fara kira. Ta biyu maganar Yaya Ilu ce. Ka san shi kaɗai ya rage mini a 'yan ɗakinmu, ka kuma san rabon ƙafarsa da gidan nan tun shekarun fari. Ya tsufa, ni ma na tsufa. Tun da ka tafi ba ni da fargabar da ta wuce ɗayanmu ya mutu muna a haka.

Bari in bi zancen daga tushe, ko don yaran yanzu da ba su san ka ba.

Aikinka saye ne, amma ba da kuɗinka ba, ba kuma don kanka ba. In gwamnati na son hatsi, ko teburan lakwal, makarantar boko ke nan, ko simintin rijiya, ko gadajen likita, a biro ɗinku, ofishin ma'aikata, ake shelar marshe, wato kwangila. 'Yan kasuwa su kawo farashinsu a rufe cikin ambulan, ku zauna ku buɗe a gaban jama'a, ku zaɓi wanda kayansa suka fi kyau da sauƙi. Shekara talatin da ɗoriya kana wannan. Abin da ke ba ni dariya har yau, mutumin da ke sayayya don jiha guda bai taɓa zuwa Kasuwar Dole ya sayo mini tumatir ba tare da an cusa masa ruɓaɓɓu a ƙasan kwando ba.

Wahalar aikin ba a biro take ba, a unguwa take. Garinmu kowa ko ɗan kasuwa ne, ko ɗan ɗan kasuwa, ko surukinsa. Kai kanka surukin ɗan kasuwa ne. Kai da Yaya Ilu tare kuka yi makarantar allo a unguwar Birni, tare aka yi muku kaciya, kuma a zaurensa ka fara ganina ina wucewa da tallan alkakin Inna. Kai ka bi lakwal, shi ya bi sawun mahaifinmu a fataucin hatsi.

A zauren nan nasa kuke ciyayya. Bayan magariba kowane maigida a fito da kwanon gidansa, a jera a tabarma, a ci tare, a yi ta tsiya a kan wadda miyarta ta yi gishiri. Ni ce nake shan tsiyar nan fiye da kowa, don Madam mai koyar da yara ba ta da lokacin daka daddawa. Kana dawowa kana dariya kana ba ni labari. Wannan dariyar ta dawowa daga zaure, Malam, daga baya na neme ta a fuskarka na rasa.

Da aka maida kai sashen marshe sai ka fara janye jiki. Rabin mazauna tabarmar nan masu kai ambulan ne a biro ɗinka. Ka ce mini in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ka fara da cewa aiki ya yi yawa, daga nan ka ce cikinka ba ya son cin dare, har aka gane aka daina aiko a kira ka. Yaya bai ji haushi ba a lokacin. Cewa yake yi a ƙyale Mushe, wato yallaɓai ɗan boko, da tsabtarsa, ran da ya gaji da cin tuwo shi kaɗai zai dawo.

Sai fari ya zo.

Damina ta yi alkawari ta saɓa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mutanen ƙauye suka riƙa shigowa gari da goyo a baya da tabarma a ka, suna zubewa a bayan Kara-Kara da bakin tasha. A ajina yara na kifa kai a tebur su yi barci tun hantsi, na daina tsawata musu, don na san ba lalaci ba ne. Mata na jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, suna sauya mata ruwa har ɗacinta ya ragu a samu abin sa wa ciki.

Gwamnati ta ce a sayi gero a kai ƙauyukan Droum da Gouna da na kewayensu, aka ɗora sayen a wuyanku. Ban taɓa ganin ka rame kamar lokacin ba. Kullum kana mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, kana soka buhuna da ƙarfen nan mai rami, kana zuba ƙwayar a tafin hannu, ka hura, ka tauna. Wasu sukan cika tsakiyar buhu da yashi, wasu da tsohon gero da ƙwaro ya gama da shi. Kakan ce wanda zai ci geron nan ba shi da bakin kai ƙara, kai ne bakinsa. Yaya Ilu na cikin waɗanda suka kai ambulan, kuma kowa ya san rumbunansa na da gero mai kyau da ya tara tun shekarar da aka samu.

A cikin wannan hali na haifi Zuwaira. Ina jego, nono ya ƙi zuwa sosai, yarinya na ta kuka. Ƙaurin da al'ada ta ce miji ke saya wa mai jego kuwa, ka manta da shi sam, hankalinka na wurin buhuna. Inna ta lura. Tana zaune a gidan Yaya, ta aika aka sayo ƙafafun saniya, ta babbake da kanta, ta kwana tana dafawa da yajin da ta daka da hannunta. Ta zuba a langar da ta tarar a kusa, farar nan mai fure shuɗi, wadda duk Birni ya san ta gidan Alhaji Ilu ce, don ita ake fitarwa ciyayya kullum.

Baba Jummai, tsohuwar da ke taya su aiki, ita ta ɗauko ta bayan la'asar. Kana zaune a zaure. Washegari ne za a buɗe ambulan. Ina ɗaki, amma ina jin komai, har ƙamshin yajin ya riga ta shigowa. Na ji ka ce, “Baba, ki mayar. Ki ce na gode.” Ta ce daga Inna ne, na mai jego ne. Ka ce, “Na ji. Ki mayar.”

Ko murfin ba ka ɗaga ba.

Ta juya da langa a ka, ta bi lungunan Birni a daidai lokacin da kowa ke zaune a ƙofar gida. Wanda bai ga zuwanta ba ya ga komawarta. A garinmu ko maƙiyinka ne ya aiko da abinci, karɓa ake yi a juye a sa tukwici a kwanon, in ya so a ba kaji. Maida kwano a rufe kuwa, ban taɓa jin an yi wa kowa ba sai ran nan, kuma uwata aka yi wa.

Da ka shigo na faɗa maka maganganun da ban taɓa faɗa maka ba, ban kuma janye ko ɗaya ba har yau. Ka tsaya a bakin ƙofa kana saurare. Da na yi shiru ka ce ka san ba toshiyar baki ba ce, amma mutumin da ke zaune bakin hanya bai sani ba, shi langa kawai ya gani ta shiga gidan mai buɗe ambulan. Na ce to, mutumin bakin hanyar nan da ya ga an mayar da ita, me kake jin zai ce? Na ga a fuskarka cewa wannan ba ka yi tunaninsa ba. Sunanka ka tuna, Malam, ka manta Yaya ma yana da suna.

Washegari ka sayo ƙauri, maƙwabciya ta dafa. Na yi yini guda ina hararar kwanon. Da yarinya ta ci gaba da kuka sai na ci, don fushi ba ya kawo nono.

Ranar buɗe ambulan, da aka zo kan ta Yaya, ka tashi ka fita daga ɗakin ka bar sauran su yanke. Suka duba farashi, suka duba gero, suka ba shi. Ya cika alkawari, kamiyo, manyan motocin kaya, suka ɗauka suka kai ƙauyuka. Shekaru bayan haka na haɗu da wata mata 'yar Gouna a wurin awo, tana ba da labarin yunwar nan, ta ce a duk tsabar da aka raba musu akwai wata guda da ba sai an rege ta ba. Na san ta wa take nufi.

Amma gari bai ga gero ba, langa ya gani. Aka ce Alhaji Ilu ya aika wa surukinsa da toshiya an maido masa, sai ya zagaya ya sayi sauran. A kasuwa aka laƙaba masa Alhaji Mai-langa. Sunan ya bi shi kamar ƙaiƙayi a riga. Yau akwai yaran da ke cewa a aike su shagon Mai-langa, ba su ma san daga ina sunan ya fito ba. Daga wannan shekarar bai ƙara neman marshen gwamnati ba.

Sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya ƙi zama. Ya ce, “Ni ka ɗauka mai toshiya? Ni da muka sha fura a ƙwarya ɗaya?” Ka ce masa wallahi ba ka ɗauke shi haka ba. Ya ce to ba a nan zaure za ka faɗa ba, don ba a nan aka ɓata shi ba. In dai ba a wanke shi a bainar jama'a ba, ƙafarsa ba ta ƙara taka gidan nan. Yaya kuwa ka san shi, in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Na roƙe ka ka tashi a masallaci bayan salla ka yi magana ɗaya. Ka ce ma'aikacin marshe ba ya yabon mai ambulan, ba ya kushe shi, in ka wanke ɗaya yau, gobe sai a ce ka nuna wanda za a ba. Ka ce in bari sai ka ajiye aiki. A lokacin ban san ajiye aikin naka zai kai mu ga furfura ba.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba sai sau ɗaya. Ta ce in bi mijina, aikinsa ne, amma ita dai tun da take ba a taɓa maido mata girki ba. Ƙaurin nan a ranar ta sa aka kai wa baƙin da ke kwana a bakin masallaci. Langar kuma ta wanke ta, ta ɗora a saman kabad, ba a ƙara zuba komai a ciki ba. Ba ta daɗe sosai ba bayan farin ta rasu. Nakan je gidan, Yaya ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya sa takalmi ya fita.

Daga nan gidanmu ya zama gidan da ba a aiko wa. Naman layya na maƙwabta, in mai gidan na da ko ɗan ƙane mai neman marshe, sai ka ce a mayar, har mutane suka huta da kawowa. Ranar Salla yaran unguwa na ta kai da kawo da kwanuka, namu na leƙe ta ƙofa. Biki ko suna, ka je ka yi addu'a ka taso kafin a fito da abinci. Goronka ma a aljihu kake yawo da shi, don kada a miƙo maka. Mutane suna girmama ka, ba shakka. In ka wuce a tashi a gaishe ka, amma ba wanda ke cewa zo ka zauna.

Tuwonka kai kaɗai kake ci a zaure, da rediyo a gefe. Wata rana na leƙo na gan ka ka tsaya da loma a hannu, kana sauraren dariyar da ke tasowa daga can wajen zauren Yaya. Washegari na ɗauko nawa kwanon na zo na zauna kusa da kai. Ka ce Madam, mutane za su ce me? Na ce wane mutum ne zai shigo balle ya gani? Tun daga ranar tare muke ci, kuma tsiyar gishirin miya sai ta dawo kanka kai kaɗai, kana yi kana haɗawa da ta mutum goma.

Kada ka ɗauka ban ga amfanin abin da ka yi ba. Na gani. Na koyar a kan teburan da ka saya, har na ajiye alli ba su karye ba, alhali wasu da aka kawo bayanka damina biyu suka yi. Na ga abokan aikinka da suka gina benaye, na ga waɗanda aka zo aka tafi da su. Kai ba a taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ba, na yi barcina lafiya, 'ya'yanmu kuma ba wanda ya taɓa nuna su da baki. Ina alfahari da kai, na faɗa a gaban kowa. Amma na yi kewar 'yan'uwana, kai ma ka yi kewar abokinka, kuma duk cikinmu ba wanda ya iya faɗa wa ɗaya.

Da ka ajiye aiki sai suka riƙa kiranka kana zama cikin masu buɗe ambulan, wai ba a samu madadinka ba, kai kuma ba ka iya cewa a'a ba in aiki ne. Sai da ido ya raunana suka sake ka. A ranar ka ce in tuƙa tuwon gero da miyar kuka, in sa man shanu da yawa. Na ce wa za a aika? Ka ce ba aike. Ka sa babbar riga, ka ɗauki kwano da hannunka, tsoho da kai, ka bi lungunan nan har zauren Yaya.

Ba ka jima ba ka dawo, kwanon na hannunka a rufe. Ka ajiye, ka zauna, ka yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ka ce ya ce ba tuwo ya nema ba. Ka ce gaskiyarsa, kai ne ka bi ta baya, in Allah ya kai mu Salla za ka tashi a masallacin unguwa ka faɗa kowa ya ji. Muka ci tuwon mu biyu, ya huce.

Ba a kai Sallar ba ciwon ya kayar da kai. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe magana sai ya ajiye aiki, ga shi ya ajiye, maganar ta ƙi fita. Nakan ga kana kallona, leɓe na motsi, hannun nan mai lafiya na nuna wajen ƙofa. 'Ya'ya suka ce iska kake so. Ni na san abin da kake nufi.

Yaya ya zo jana'iza, ya sallace ka, ya raka ka har makwanci. Ya yi zaman makoki a waje tare da maza, amma bai shigo ba, ko ruwan gidan bai sha ba. Da aka watse, yara suka koma Yamai da Agadas wurin aikinsu, na rage ni da rediyonka. Yanzu na san yadda tuwo yake a bakin mutum ɗaya. Ashe abin da ka yi ta haɗiya ke nan kafin in zo in zauna.

To, jiya. Sun aiko mota ta ɗauke ni. Zaure ne babba, an jera kujeru, 'yan rediyo sun kafa na'urarsu ana watsawa kai tsaye. An ware layi guda don iyalinka, ni kaɗai na zauna a ciki da jakata a kujerar kusa. Tsofaffin abokan aikinka kaɗan ne suka rage, wani da sanda, wani an riƙo shi. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya, aka rataya musu lamba, aka ba su takardar yabo. Na ji daɗi, Malam, don aikinku irin wanda ba a tunawa da mai shi ne sai in ya ɓaci.

Shugaban ma'aikatar yaro ne mai ladabi, sa'an Zuwaira. Ya yabe ka ƙwarai. Ya ce ka yi aikinka ka gama ba ka da aboki ko ɗaya a cikin 'yan kasuwa. Aka yi tafi. Ni kuwa ban taɓa jin magana mai ban tausayi kamarta ba.

Sai ya ce zai ba matasa labarin da ake ba duk sabon ma'aikaci a biro ɗin. Wai a shekarun fari, ana gobe buɗe ambulan, wani babban ɗan kasuwa ya aiko maka da langa shaƙe da kuɗi, an rufa tuwo a sama, ka mayar ko buɗewa ba ka yi ba. Ka ji yadda ƙaurin Inna ya koma a bakin mutane. Ba laifin yaron ba ne, haka ya tarar. Amma rediyo na ɗauka, kuma na san a wannan lokacin Yaya na kishingiɗe a zaure da tasa rediyon a kunne.

Ban san sanda na miƙe ba. Ka san muryata, wadda ta saba kai wa bayan aji ba ta bukatar na'ura, amma duk da haka na je na karɓa. Na ce:

“Ɗana, ka yi haƙuri in gyara maka. Ba kuɗi ba ne a langar nan. Ƙauri ne, uwata ta dafa mini ina jego. Mai langar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Ilu, kuma bai taɓa ba kowa toshiya ba. An ba shi marshen ne don geronsa ya fi na kowa, maigidana ba ya ma cikin ɗakin. Maigidana ya san haka, ya yi niyyar faɗa, Allah ya karɓi harshensa kafin ya faɗa. Yau na faɗa a madadinsa.”

Na ƙara da cewa in za su ba sababbin ma'aikata labarin, su ba su na gaskiya, don maida kuɗi kowane mai tsoron kurkuku ya iya. Abin da ka mayar girkin surukarka ne, matarka na ɗaki da yunwa, kuma ka biya da abokinka na ƙuruciya. Su san abin da aikin ke ci kafin su shiga, su kuma san ana iya tsare amana ba tare da an bar sunan wani a ƙasa ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce sun ji, Mama. Ya ba ni lambarka da hannu biyu. Mota ta maido ni gida.

Na rataye lambar a ƙusar da kake rataye hula. Na zauna na yi ta sauraren ƙofa. Azahar ta wuce ba kowa. Na ce a raina wataƙila ma bai kunna rediyon ba, ko ya ji ya ce an makara.

Bayan la'asar na ji sallama a zaure, murya ta dushe amma na gane ta. Na fito ba ko mayafi. Yaya ne, shi kaɗai, sanda a hannu ɗaya, ɗayan kuma ya rungume langa a ƙirji. Farar nan ce mai fure shuɗi, bakinta ya ɗan ɓantare. Yadda ya yi ya taho da ita daga gidansa da ƙafafun nan nasa, Allah kaɗai ya sani, kuma ya zaɓi lokacin da kowa ke ƙofar gida.

Ya tsallako dokin ƙofa, ya miƙo mini. Ya ce, “Auta, Inna ta ce a kawo miki. An samu jinkiri a hanya.”

Malam, na waiga wajen tabarmarka kafin in karɓa, saboda sabo. Sannan na karɓa, na ɗaga murfin. Ƙauri ne, da yaji irin na masu jego. Tun da ya ji rediyo ya tura aka nemo, ya tsaya a kan surukarsa har ya dahu. Ni da na aurar da jika, ga ni zaune da ƙaurin jego ina kuka kamar yarinya.

Na shimfiɗa masa tabarmarka. Ya zauna, ya daɗe yana kallon hularka da lambar. Ya tambaye ni ko da gaske ka ce geronsa ya fi na kowa. Na ce ka faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya gyaɗa kai, ya ce tuwon nan da ka kai masa, tun kafin ka kai ƙarshen lungu ya so ya kira ka, girman kai ya hana shi, yana cewa gobe. Ya share ido da bakin rawani, ya ce in kawo ruwan wanke hannu. Muka ci tare. Haƙoransa ba su iya ƙauri ba, romo kawai ya sha, ya kuma ce a gidanmu har yanzu ba mu iya ajiye gishiri kusa ba. Wurinka a tabarmar muka bari, ba wanda ya matsa.

Langar na nan, na wanke ta. Ka san ba a maida kwano wofi. Gobe in Allah ya kai mu zan tuƙa tuwon gero da miyar kuka, in sa man shanu da yawa, in ɗauka da kaina in bi lungunan da ka bi. Yaya ya ce in zo da wuri, kuma shi zai ɗaga murfin.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya sa amanar da ka riƙe ta zama haske a kabarinka, ya saka maka da kowace ƙwayar gero da ta isa bakin mai yunwa ba yashi a ciki. Allah ya yafe maka abin da ka jinkirta, ya yafe wa Yaya, ya yafe mini bakina. Allah ya jiƙan Inna. Waɗanda suka gaje ka a aikin nan, Allah ya tsare hannunsu, ya kuma bar musu abokan cin tuwo. Ya haɗa mu a inda ba ambulan, ba mai kallo daga bakin hanya, ka zauna cikin jama'a ka ci abin da aka miƙo maka. Amin.

Wassalam.

Ni ce matarka,
wadda kake kira Madam.